Bin Sawun Kifin da Ya Kwantar da Ummi

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a bakin rumfa a tare ni, har wanzamin da yake yi mini aski sai da ya tsayar da aska a wuyana ya ce, "Alhaji Sule, wai me ya kai ka Kamaru, kai da ko Wudil sai an ja ka?" Bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Har an fara cewa aure na je nema. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ni mutumin Jakara ne, sana'ata sayar da bandar kifi. Da kwali ɗaya na fara, yau da mota ake sauke mini. Abin da na yi suna da shi guda ne: kifina ba ya ƙwaro. Masu abincin sayarwa da matan aure tun daga Kabuga suke aiko mini, domin sun san tarwaɗata ko wata uku ta yi a ajiye, ka buga ta da ƙasa ba abin da zai faɗo. Da wannan nake tinƙaho a kasuwa.

'Yata Ummi tana aure a Dukawuya, tana ɗauke da cikin fari. A wurin awo aka ce mata ta riƙa cin kifi, yana gina ƙwaƙwalwar jariri da idonsa, ita ma yana ƙara mata ƙarfi. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, 'yar mai kifi ce aka ce ta ci kifi. Duk mako da hannuna nake zaɓar mata mafi kyau in aika. Ashe kwaɗayin masu ciki ya sa ba ta jira a wanke a dafa, ɓantara take yi tana ci haka nan kamar kilishi, safe da yamma.

Sai ga waya, wai an kwantar da ita: amai, jiri, gumi, yawu yana zuba. Likitar, wata yarinya da ba ta girmi Ummi da yawa ba, ta bincika abin da take ci, ta sa aka kawo ragowar kifin. Ta karya shi ta shinshina, ta ce ba za ta rantse ba sai da gwaji, amma alamun nan na maganin ƙwari ne, kuma kada wannan kifin ya sake shiga bakinta. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "A ina kuke sayen wannan abin?"

Uwar mijin Ummi ta dube ni.

Na fita na kira Gambo, mutumin da ya shekara goma sha yana haɗo mini kaya daga wata madatsar ruwa a bayan Garwa, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai muryarsa. Ya yi rantsuwa har da su kabarin uwarsa cewa ba a zuba wa kifin komai. Na daɗe a kasuwa, na san idan rantsuwa ta yi tsawo akwai abin da take rufewa. Ranar da aka sallami Ummi, aka ce cikin yana nan lafiya amma a kiyaye, washegari na ɗauki jakata.

A tasha, kafin mota ta cika, wani mai lasifika ya zo da faifai cike da kwalaben man kifi, irin mai ƙwayoyi ruwan zuma ɗin nan. Wai yana maganin hawan jini, ciwon suga, mantuwa, sanyin ƙashi, rashin haihuwa, har da faɗuwar jarrabawa. Na san ƙarya ce rabinsa, amma na ce a raina tunda an hana Ummi kifi, ko man zai maye gurbi. Na sayi kwalba, na haɗiye biyu don in gwada a kaina, na jefa sauran a aljihu.

Allah ya haɗa ni kujera da wata dattijuwa, Hajiya Laraba, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da za ta Yola wurin jikokinta. Ba mu kai Birnin Kudu ba na fara gyatsa. Ta ja mayafi ta rufe hanci.

"Alhaji, me ka ci haka, don Annabi?"

Na nuna mata kwalbar, na gaya mata wadda na saya wa. Ta sa tabarau ta juya ta gaba da baya.

"Ina ranar lalacewarsa? Babu. Dubi yadda suka manne da juna, rana ta dafa su a faifai. Mai idan ya lalace ba magani ba ne kuma. Sannan wannan na hantar kifi ne, ba a ba mai ciki irinsa sai likita ya ce. Za ka fitar da ita daga rami ka jefa ta rijiya?"

Daga nan har Bauchi karatu na sha. Ta ce man kifi na gaskiya yana da amfaninsa ga wanda aka rubuta wa, amma mai shan maganin tsinka jini ma kada ya taɓa sai ya tambaya. Ta ce ga yawancin mutane kifin kansa ya fi ƙwayar, sau biyu ko uku a mako, zuciya tana son sa. Mai ciki kuma ta fi dacewa da ƙanana da matsakaita, a dafa su sosai, domin manyan tsofaffin nan masu cin 'yan'uwansu su ne suke tara dattin ruwa a jikinsu. Na ce ni fa shekara ashirin ina sayar da kifi. Ta ce, "Mai sayar da likkafani ma ba shi ya san abin da ke kabari ba."

Raina ya ɓaci. Abin da ya ƙara ɓata shi, bayan Gombe kwalbar ta buɗe a aljihuna, zafi ya narkar da ƙwayoyin, man ya bi babbar rigata har gwiwa. Direba ya taka birki ya juyo ya ce, "Jama'a, tsakani da Allah, wa ya shigo mana da mushe?" Haka na ƙarasa Yola a bakin taga, kowa ya juya mini ƙeya. Mai lasifikan nan kuwa na san yana can yana zuba wa wata mai ciki irin wannan a leda, ba mai ce masa kanzil.

A Yola na kwana, na wanke rigar sau uku, warin ya ce yana nan daram. Da hantsi muka kama hanyar iyaka a wata tsohuwar mota da aka cusa mu mu tara. Shingaye kuwa ba a magana, kowanne da igiyarsa da tambayarsa, kuma duk tambayar ma'anarta ɗaya. A tsallaken, jandarma ya nemi katin rigakafi, na ba shi. Ya matso, ya ja hanci, ya yi wa abokinsa magana da Faransanci suka fashe da dariya. Wani fasinja ya fassara mini: wai tunda ya fara aiki a nan kowa fita yake yi da warin kifi, ni ne na farko da ya shigo da shi, ko zan biya kuɗin fito?

Can kowa Fulatanci yake yi, har wanda bai taɓa riƙe sanda ba. Ni kuma da karambani na ce ai kakana Bafulatani ne. Wata tsohuwa mai nono ta juyo ta zubo mini gaisuwa kamar ruwan sama, ni kuwa ban da "jam" ba abin da na iya. Ta ce da Hausa, "Fulanin Kano! Kun sayar da shanu, kun haɗa da bakin kyauta."

A Garwa na sauka gidan wani mai masauki, jikan Kanawa ne, har yanzu yana tambayar ko rijiyar unguwar kakansa tana nan. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, sai da na jiƙa shi a shayi ya yarda. Da rana kuwa gari ya mutu, masu shaguna suka ja ƙofa suka tafi hutu, ga masu saye suna tsaye. A kasuwar Kurmi ta Kano wanda ya yi haka sai a kai shi ruƙiyya. Amma abin da ya tsaya mini shi ne kifi. Ɗanye ake gasa shi a gabanka, a ci da wani tuwon rogo da ake naɗewa a ganye. Yara suna ci, masu ciki suna ci, na ga tsoho ba haƙori yana tsotsar kan karfasa, ya tashi ya hau keke. Ba wanda yake amai. Na ce to ashe kifin bai da laifi, a hanya ake cuce mu.

Daga Garwa mota, daga mota babur, daga babur kwalekwale. Ni ɗan cikin ganuwa ne, ruwan da na sani na kududdufi ne, shi ma daga nesa. Na riƙe katako da hannu biyu ina salati, mai tuƙi yana ce mini in saki jikina, in mun kife ma ai ba nisa, ƙasa kawai za mu yi.

Sansanin masunta ne na bukkoki, hayaƙi ko'ina. Gambo ya ji muryata ina cigiyarsa, ya fito da gudu, gajere mai fara'a, ya rungume ni yana "Maigida da kansa! Maigida da kansa!" Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiya, aka yanka mini kaza. Nan na fara shan jinin jikina. A garin da kifi ya fi ƙasa yawa, a ba dillalin kifi kaza? Duk inda na nufa sai ya sha gabana: rana ta yi zafi, in huta; can hayaƙi ne, zai ɓata mini riga. Rigar da kuliyoyin sansanin suke bi tun saukata.

Na bar shi ya tafi sallamar masu jirgi, na zaga bayan bukkoki. Akwai wata rumfa ta zana, an jera kwalaye a buɗe. Wani mutum ya ɗaure hanci da tsumma, yana riƙe da gorar roba da aka huda murfinta, yana yayyafa wa kifi wani ruwa, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Warin fiya-fiya ya doke ni, irin wanda muke fesa wa sauro mu fita daga ɗaki. A jikin kowane kwali kuwa ga jan fenti, zane biyu da ɗigo. Alamata ce. Ni na ƙirƙiro ta.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Gambo ya zo, mutane suka taru. Na kira shi maci amana, na kira shi mai kisan kai. Na ce 'yata ta kusa rasa cikinta, kai kuma kana rantse mini da kabarin uwarka? Ya sunkuyar da kai yana "Maigida, a yi haƙuri, a zauna tukuna."

"Ba zai zauna ba. Bar shi ya gama, ni ma ina da tawa."

Wata mace ce ta fito daga wurin murhun banda, doguwa, idanunta jajaye saboda hayaƙi. Asabe ke nan, matar Gambo, ita ce take yin bandar kifin da na ci abinci da shi shekara da shekaru.

"Kai ne Alhajin Kano? Sannu da zuwa. Ka ga waɗancan kwandunan? Na masu zuwa daga Garwa ne, ba a zuba musu komai, kwana huɗu an cinye. A rumfarmu naka kaɗai ake yi wa wanka."

Na ce saboda me, don ni ne bare?

"Don kai ne ka ce. Ka manta shekarar da ka dawo mana da mota guda saboda ka buga kifi ƙwaro ya faɗo? Damina ce, wahalar wata biyu, a ruwa muka zubar. Ina zaune a nan ya sa wayar a fili, na ji ka da kunnena: kada ka sake ganin ƙwaro ko ɗaya a kayanka, duk yadda za mu yi mu yi, in ba haka ba ka koma wurin wani. Ka tambaya ta yaya? Kifi nama ne, Alhaji. Naman da zai yi mako biyu a hanya, ya yi wata uku a rumfarka, ƙwaro ya gan shi ya kauce, kai da wayonka ba ka taɓa cewa me ya gani ba?"

Na ce ai ban ce a sa guba ba.

"Ba ka ce ba. Ba ka kuma so ka sani ba. Mu ma ba mu wanku ba, Allah yana gani, tun farko na gaya wa Gambo haram ne, ya ce to me za mu ci. Dubi hannun Isuhu mai yayyafawar, duk ya saɓule. Amma kada ka tsallako ruwa ka zo kana mana ihu kamar kai ne aka zalunta. Yarinyar ce aka zalunta, kuma da mu da kai muka taru a kanta."

A rayuwata mace ba ta taɓa wanke ni a gaban maza haka ba. Abin haushin, na tuna ranar sarai. Har labari na riƙa bayarwa a kasuwa cewa na koya wa mutanen ruwa hankali.

Da la'asar, bayan zuciya ta sauka, ta kai ni bukkarta ta nuna mini nasu na ci. A saman murhu yake rataye, an sa masa gishiri, ya bushe ƙarau, duk bayan 'yan kwanaki a sake nuna masa wuta. Ta ce haka iyayensu suke yi. Yana cin itace, yana cin lokaci, yana rage nauyi, kuma duk da haka wani lokacin ƙwaro zai shiga, sai a shanya a rana a kakkaɓe. Ta dafa mana miyarsa, muka ci da su da 'ya'yansu.

Kwana uku na yi. Muka yi magana ta manya da Gambo a gaban shugaban masuntan: ba sauran yayyafi a kayana, kaɗan-kaɗan za a riƙa turowa a kan kari, abin da ya ragu na nauyi a wuyana, kuma in ƙwaro ya fito ba zan dawo da kaya ba. Kwalayen da aka riga aka jiƙa muka haƙa rami muka ƙone. Ban ce na gyara duniya ba. Rumfunan da na wuce a hanyar komawa kwalekwale, na ga gorar roba a fiye da ɗaya, da alamomin mutanen da na sani, waɗanda muke sahu ɗaya a masallaci.

Da na dawo na kwashe abin da ya rage a rumfata na kai bayan gari na cinna masa wuta. Maƙwabtana suka ce asiri aka yi mini a Kamaru. Na gaya musu abin da na gani, ɗaya ya ce, "Alhaji, wa ya mutu?" Haka fa ya ce. Sabon kaya ya iso, wata Hajiya da ta shekara takwas tana saye a wurina ta buga tarwaɗa a tebur, ƙwaro ɗaya ya faɗo, ta ce, "A'a, Alhaji Sule, ka lalace." Na yi mata bayani har muryata ta dushe. Ta saurara da kyau, ta ce Allah ya kyauta, ta taka zuwa rumfa ta gaba ta sayi mai sheƙi. Rabin masu sayena sun bi ta. Wannan har gobe yana ci mini rai, kuma duk mai karanta wannan da yake neman kifin da ba ya ƙwaro, ya sani da shi nake.

Saura Ummi. Aka ce mini tun da ta fito asibiti ko sunan kifi ba ta son ji, alhali a wurin awo sun ce ta koma ci, mai tsabta, dafaffe, don jikinta yana bukata. Mijinta ya sayo ɗanye, ta ƙi. Uwarta ta yi lallashi, ta ƙi.

Na zaɓi matsakaita guda huɗu daga sabon kayan, bandar Asabe, na sa aka wanke da ruwan zafi aka yi farfesu, na ɗauki kwanon da kaina zuwa Dukawuya. Mu a gidanmu uba ba ya wuce zauren gidan 'yarsa, balle 'yar fari, balle ya ci abinci a can. Da na ce a yi mini iso har tsakar gida, sai da mijin ya sake tambaya ko lafiya.

Uwar mijin tana zaune a kan tabarma. Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, tambayar da likita ta yi ranar nan, na zo da amsa. A wurina aka saya, kuma da bakina aka zuba abin da aka zuba. Na je na gani." Na faɗi komai, ban rage ba. Ta ajiye carbinta, ta ce, "Ba kowa ne zai faɗa ba."

Ummi tana bakin ƙofar ɗakinta, kanta a ƙasa. Na zauna a kan turmi, na buɗe kwanon, na yi bismilla na fara ci. Har maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Na ci ɗaya har ƙaya, na ɗauki na biyu.

"Baba," ta ce a hankali, "wai duka za ka cinye?"

Na ture mata kwanon. Ta jawo shi gabanta, ta ce a miƙo mata cokali.